Wasan da Ilu Ya Yi a Hanyar Shiling

In ka sauka Guangzhou ta ƙasar Sin daga Kano da niyyar sayen jakunkunan mata, kafin ka warware gajiyar jirgi wani zai ce maka ka nemi Ilu. Ya san fata, wannan ba a musu, domin a unguwar Dukawa ta Kano aka haife shi, cikin gidan da ko tuwo warin jima yake yi. Amma ba don fata ake nemansa ba. Daga unguwar Sanyuanli zuwa Shiling, garin da ake ɗinka jakunkunan, tafiya ce mai nisa a mota, ga cunkoso, ga zafi mai danƙo, kuma duk wanda ya shiga mota da Ilu ba ya sanin lokacin da aka iso. Dariya ce tun daga tashi har sauka.

Tun yana ƙarami mahaifinsa ya gane bakin yaron nan ya fi hannunsa aiki. Yayyensa na duƙe suna ɗinki, shi yana gefe yana kwaikwayon yadda Buzaye ke taya takalmi, ko yadda limamin unguwa ke gyaran murya kafin kabbara, har wani ya soke yatsa da basilla saboda dariya. Da tsohon ya gaji da asarar fata sai ya kama hannunsa ya kai shi wajen Alhaji Kallamu, mai shagon jakunkuna a kasuwar Ƙofar Wambai, ya ce ga shi nan, ko Allah zai sa surutun ya yi amfani. Ya kuwa yi. Mace ta shigo kallo kawai, ta fita da jaka biyu tana share hawayen dariya.

Alhaji Kallamu ne ya kawo shi ƙasar Sin a shekarun da 'yan kasuwarmu suka yi mata ca. Ya buɗe ɗan ofishin tura kaya kusa da kasuwar Canaan, daga baya ya ɗauko matarsa, Hajiya Lauratu. Ilu ya koyi Sinancin kasuwa, wanda bai wuce gaisuwa da ciniki da ɗan zagi ba, ya koyi Turanci mai gudu babu birki. Ya yi aure a Kano, matarsa Fasuma da yara suna can, yana leƙa su duk babbar salla. Da ciwon zuciya ya ɗauke Alhaji, kowa ya zaci Hajiya za ta tattara ta koma gida, sai ta ƙi. Ta sayi manyan tukwane ta fara tuƙa tuwo a gidanta, can saman wani dogon bene a unguwar Xiaobei, 'yan kasuwa na hawa su ci su sauko. Ilu ya zama ɗan gida. Shi ke kawo mata baƙi, shi ke raka ta sabunta takardun zama, shi ke karɓo mata kuka da daddawa daga hannun masu zuwa. In aka cire mahaifiyarsa, babu macen da yake jin nauyinta a duniya kamar Hajiya Lauratu.

A Shiling ya tsinto wani Bature. Wani lawban, mai masana'antar jaka, ya gabatar masa da wani dogon dattijo mai farin gashi cikin kwat, ya ce wannan shi ke zana musu kaya, daga Italiya aka ɗauko shi. Baturen ya ɗaga jaka ya shinshina, ya lumshe ido, ya yi wani yare yana kaɗa yatsu. Ilu ya kusa yarda. Da suka haɗu a waje sai mutumin ya sassauta wuyan rigarsa ya ce da Turancin Ingila tsantsa, "Ban taɓa taka Italiya ba. Haya aka ɗauko ni zuwa la'asar. Za ka rage mini hanya zuwa gari?"

Sunansa Neville Crake. Hajiya ta ji sunan sau ɗaya ta mayar da shi Nabilu, sunan kuma ya bi shi. An haife shi a wani garin bakin teku a arewacin Ingila, inda a cewarsa ruwan sama ba ya hutu. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wasan kwaikwayo, a dandali da talabijin, bai taɓa zama jarumin labari ba. Shi ne ɗan sandan da ke buɗe ƙofa ya koma gefe, shi ne likitan da ke fitowa ya ce sai haƙuri, sau da yawa kuma shi ne gawar. Yakan ce duk Ingila babu wanda ya kai shi iya mutuwa. Da aiki ya ja baya, mata ta tafi, 'yarsa tilo ta daina ɗaukar wayarsa, sai ya zo Sin koyar da Turanci, ya ƙare a hayar fuska: yau injiniya ne daga Jamus a bikin buɗe masana'anta, gobe mai zane daga Italiya. Da safe kuwa, kafin ya sa kwat, rubutu yake yi. Littafinsa na farko labarin wani gidan haya ne cike da 'yan wasa marasa aiki, kuma shi da bakinsa ya ce waɗanda suka saya bas ɗaya za ta kwashe su. Na biyu, labarin mutumin da ake haya ya zama wasu mutane har ya manta irin tafiyarsa, ya ɗan yi kasuwa, har jaridun can suka yi maganarsa.

Abin da ya kamata ya sa mutanen gidan Hajiya su yi hattara shi ne idonsa. Nabilu zai zauna ya ci tuwo da miyar kuka da hannu, yana zufa, ka ce hankalinsa duk yana cikin kwano. Da an gama sai ya miƙe ya yi tafiyar Hajiya ɗauke da kula, har da yadda take dafa ƙugu in ta ajiye, falon ya kaure da dariya, ita kanta tana rufe baki da mayafi tana cewa Allah ya shirye ka Nabilu. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa mutumin da ya ɗauke tafiyarka haka, ba tafiyar kaɗai ya ɗauka ba.

Su kuma da ƙarya suke ramawa. Ya zama wasan gidan: Nabilu ya yi tambaya, a gina masa amsa. An ce masa wanda ya cinye ƙanzo ba ya yin sanƙo. An ce masa Bakano ba ya gudu ko ana ruwa, don kada a zaci rigarsa tana zuba. Yakan rubuta a wayarsa da gaske, sannan ya ɗago ya dubi fuskar mai maganar ya ce, "Ƙarya kake, kunnenka ya motsa." Ilu kaɗai ne kunnensa ba ya motsi, kuma yana alfahari da haka.

Ranar da abin ya faru suna hanyar Shiling ne da hantsi. Ilu kan tafi da Nabilu wani lokaci, domin in lawban ya ga farar fata a cikin tawaga, jakunkunan kirki yake fitowa da su. Direba ɗan Sin yana tuƙi, Nabilu na gaba, Ilu na baya tare da Alhazawa biyu sababbin zuwa. Sai Baturen ya waigo.

"Ilu, jiya ɗan Hajiya ya bugo waya. Ta ce lafiya, ta ce to, ta ce madalla, sai ta miƙa maka wayar ta koma kicin. In 'yarta Surayya ce, har miya ta ƙone suna hira. Kuma ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Me ya yi mata?"

Amsar ba ta kai numfashi ɗaya ba. Umar Faruƙ, ɗan da ya bugo wayar, ɗan fari ne, kakarsa ta wajen uba ce ta riƙe shi tun daga yaye, Hajiya kuma cikin matan da take, irin waɗanda ko a asibiti aka tambaye su sunan ɗan fari sai sun waiga neman wanda zai faɗa. Da Ilu ya ce haka da an wuce wurin. Amma Alhazawan nan an cika musu kunne da labarin barkwancinsa tun daga Kano, ɗaya har yana zungurinsa yana cewa me Baturen ya ce, ba shi amsa mu ji. Ƙananan ƙarairayi kuma duk sun ƙare. Sai Ilu ya miƙa hannu ya ɗauko abin da bai kamata ya taɓa ba. Alhaji Kallamu ya taɓa gaya masa, wata rana suna jiran kaya, cewa mahaifin Hajiya a hatsarin mota ya rasu, a hanyar Rano zuwa Kano, yana tahowa sunan jikansa.

Ya sunkuya kusa da kunnen Nabilu, ya rage murya. "Ka bar wannan a cikinka. Ranar sunan yaron mahaifinta ya mutu a hanya, yana zuwa ganinsa. Tun daga ranar ba ta iya kallon yaron. In ta dube shi, gawar ubanta take gani."

Mutuwar gaskiya ce, shirun Hajiya ma gaskiya ne. Zaren da ya haɗa su ne kaɗai na Ilu, kuma ɗan Dukawa ne, ɗinkin bai nuna ba. Nabilu bai taɓa wayarsa ba, bai dubi kunnen kowa ba. Ya juya ya zuba wa titi ido, Allah kaɗai ya san ko tasa 'yar yake tunani. Alhazawan ba su ji Turancin ba, fuskar Baturen suka gani suka tuntsure da dariya. Ilu ya taya su, amma dariyar ba ta yi masa daɗi ba, ya kuma ce a ransa gobe zai warware. Gobe ta zo da kwantena da ta maƙale, jibi da baƙi, maganar ta bi ruwa.

Allah ya sake ba shi dama, a buɗe kuwa. Lokacin da annoba ta kunno kai, Nabilu ya yanke shawarar komawa gida, suka haɗu shan shayin sallama a wani otal a titin Liuhua Lu. Yana juya kofi ya ce, "Maganar nan ta Hajiya da ɗanta, gaskiya ce? Na san ku da wasa." Kalma ɗaya ta isa. Sai dai faɗinta yana nufin Ilu ya yarda da bakinsa cewa ya yi wasa da gawar surukin ubangidansa don baƙi biyu su yi dariya, kuma ya ga girman da yake da shi a idon Baturen. Mutum ya tafi Ingila, me zai yi da zancen? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Haka dai na ji." Wannan ita ce ƙaryar da ba shi da uzuri a kanta ko kaɗan, domin babu wanda ya zungure shi.

Shekarun rufe gari suka zo suka wuce da wahalarsu, baƙi suka watse, daga baya suka fara dawowa. Ana nan sai ga ƙunshi daga Ingila a ofishin tura kaya: littafin Nabilu na uku, mai hoton tukunya a bakin taga, da rubutun hannunsa a ciki yana gode wa Hajiya. Labarin wata mai tuwo ce a saman bene a Guangzhou. Ya canza sunaye, Hajiya ta koma Mariam, Ilu ya koma Isufu. Sauran kuwa bai taɓa ba. Benen yana nan, tabon ƙunar da ke wuyan hannunta yana nan, mijin da zuciya ta ɗauke yana nan.

Ilu ya buɗe ya ci karo da Isufu, dillali mai bakin tsiya, daɗi ya kashe shi. Ya yi ta yawo da littafin a Canaan yana karanta wa mutane wuraren da ya fito. Bai wuce nan ba, don Turancin littafi ba na kasuwa ba ne, barci yake sa shi. Da Hajiya ta tambaye shi me aka ce a kanta, ko tsayawa bai yi ba.

"Yabo ne tun daga farko har ƙarshe, Hajiya. Ya ce tuwonki ya fi na Kano."

Ta yi murmushi ta ajiye littafin a kan firij, ya yi kwanaki a can. Wata rana tana haɗa saƙon gida, ga shadda, ga takalmi, ga agogo, sai ta ɗauko shi ta goge da gefen zane ta sa a sama. Umar Faruƙ malamin adabin Turanci ne a wata kwaleji a Kano. Abin da bakinta ba ya iya yi masa, kaya ke yi, duk wanda zai tafi sai ta ɗora masa. Ba tare da ta dubi Ilu ba ta ce, "Ka ba wa masu tafiya su kai wa yaron can. Shi ne mai karanta irin waɗannan." Ilu da hannunsa ya ɗaure ƙunshin ya rubuta suna.

Yana cikin Canaan da rana, yana duba dilolin kayan wani baƙo, wayar Umar Faruƙ ta shigo.

"Kawu, ka karanta littafin da Hajiya ta aiko mini?"

"Sosai ma. Ka ga yadda ya zana ni?"

"Ta san abin da ke ciki?"

Muryar ba ta rawa. Umar Faruƙ ya ce zai turo masa hotunan shafukan, ya kashe. Ilu ya zauna a kan dila ya karanta, yana bin kalmomin da yatsa kamar ɗan firamare. Ga hanyar Rano, ga motar, ga jariri an aske masa kai, ga uwa ta kau da fuska. Abin da ya faɗa cikin numfashi uku Nabilu ya shimfiɗa shi shafi bayan shafi, ya yi masa kyau irin wanda ke sa mutum ya yarda. Ilu ya buga wa yaron, ya gaya masa komai, motar, Alhazawan, shayin Liuhua Lu. Ya rantse Hajiya ba ta san ko harafi ɗaya na littafin ba, shi ne ya ce mata yabo ne.

Umar Faruƙ ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To wanne ne ƙaryar, Kawu? Kakana bai mutu a hanyar sunana ba?"

"Ya mutu, amma ai kunya ce kawai, ɗan fari..."

"Na san kunyar ɗan fari. Abokaina da yawa 'yan fari ne. Amma su in suka kwanta zazzaɓi, uwarsu kan leƙo ko ta taga. Ni tun ina yaro nake neman dalili ban samu ba, sai ga shi ta aiko mini a cikin shadda. Na ɗauka hanyar da ta zaɓa ta gaya mini ke nan."

Ilu ya rikice, bakin nan da bai taɓa ba shi kunya ba ya sake yin gaba ya bar shi a baya. "Wallahi da bakinta za ta gaya maka ƙarya ce. Ka ba ni zuwa gobe."

Ya buga wa Nabilu yana huci. Baturen ya ce ai ya canza sunaye, ya ce a ƙasarsu haka ake yi. Ilu ya ce a Xiaobei mai tuwo nawa ce da tabo a wuyan hannu? Nabilu ya ce ya yi kuskure, zai rubuto wa Hajiya, zai rubuta wa yaron, duk abin da ake so. Can sai ya ƙara da ƙaramar murya, "Amma na tambaye ka, Ilu. Na sake tambayar ka." Ilu ya kashe wayar.

Washegari ya jira har cinkoson azahar ya wuce sannan ya hau benen. Ya tarar da ita ita kaɗai tana tsince shinkafa a faranti. Bai zauna a kujera ba, a ƙasa ya durƙusa, ya faɗi abin da ya yi yana kallon tayil. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa kora. Ba ta daina tsintar ba.

"Yana wayarka?"

"Yana nan, Hajiya."

"Karanta mini. Ka juya da Hausa. Kada ka tsallake ko ɗaya, ka ga dai inda tsallake ya kai mu."

A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba. Ƙaryar da ya raɗa wa Bature da Turanci, yau ga shi yana mayar da ita harshen uwarsa a gaban matar da ya yi wa. Ya karanta yadda Mariam ke zaune an kewaye ta da mata, yadda wani ya shigo ba sallama, yadda guɗa ta tsaya. Ya karanta inda aka ce ta dubi jaririn a cinyarta ta ji kamar an ɗora mata dutse. Nan ya tsaya. Ta ce ci gaba. Ya ci gaba har shafukan suka ƙare, lokacin nan hannunta ya daɗe da tsayawa a cikin shinkafar.

"Alhaji ne ya ba ka labarin motar?"

"Shi ne. Sauran ni na ƙirƙira, wallahi ni na ƙirƙira, ki yafe mini. Na yi wa yaron alkawari za ki gaya masa ƙarya ce. Kalma ɗaya kawai, Hajiya, shi ke nan ya huta."

Ta ajiye farantin a gefe.

"Yana cinyata aka zo da labarin, an gama yi masa aski ke nan. Na dube shi na ce a raina, ba don kai ba da yanzu Baba yana gida yana shan furarsa. Na yi istigfari, na ƙara, maganar ta ƙi fita daga raina. Nono ma sai na rufe ido nake ba shi. Mata suna ta yabona, kai Lauratu akwai kunya, ko kallonsa ba ta yi. Kunyar ce ta rufa mini asiri. Ko Alhaji bai sani ba har ya koma ga Allah."

Ilu ya ji kamar ya nutse cikin tayil ɗin.

"Sai da aka yaye shi aka kai shi wajen kakarsa, na shiga ɗaki na ga shimfiɗarsa babu kowa, sannan abin ya sake ni. Na yi kukan da ban yi wa Baba ba. Amma da wane baki zan ce a dawo mini da shi? Ni da ake misali da ni."

"Hajiya, to ai ya wuce. Ki ce masa ƙarya ce. Ni ban sani ba na faɗa, don haka ƙarya ce."

"A bakinka ƙarya ce, Ilu. A nawa ba ƙarya ba ce. Yaron da ya girma har ya yi gemu yana jiran in yi masa magana, ranar da zan fara sai in fara da ƙarya? Buga masa."

Ya buga. Ƙara ɗaya aka ɗauka. "Kawu, tana kusa? Ta ce ƙarya ce?" Ilu ya miƙa mata wayar. Ta nuna masa ƙofa da haɓa, ya fita ya ja ta.

A kan matakala ya zauna. Ba ya jin kalmomin, muryarta kawai yake ji, tana tafiya a hankali ba tsayawa, wani lokaci ta yanke ta daɗe sannan ta ɗora. Wasu 'yan Nijar biyu suka hauro neman abinci, ya ce musu yau babu, suka zaci wasa yake suka tsaya suna jiran ƙarshen barkwancin, sai da suka dubi fuskarsa suka juya. Da ta buɗe ƙofa idonta a bushe yake. Ta ba shi wayarsa.

"Ya ce ya ji."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma tun daga ranar bai sake bugowa ba. Gaisuwa dai tana zuwa ta bakin Surayya. Saƙon shadda ya tafi, aka ce ya karɓa ya yi godiya. Nabilu ya rubuto doguwar wasiƙa, Hajiya ta ce a gaya masa ba komai, ba ta nemi a karanta mata ba. Ilu ya sake durƙusawa neman gafara, ta ce ta yafe tun ranar, ta zuba masa tuwo. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Yakan zauna da kwanon a gaba, yana ganin yadda take waiga wa duk wayar da ta yi ƙara a falon, ko ba tata ba ce, har tuwon ya huce.

Har yanzu shi ke kai mutane Shiling, kuma har yanzu ya fi kowa gane fatar da za ta ɓare. Sababbin zuwa da aka ba su labarinsa a Kano sukan yi ta jiran dariyar, su iso ba su samu ba, su koma gida su ce an zuzuta mutumin ne kawai. Fasuma ma ta tambaye shi a waya ko ba shi da lafiya.

A farkon bazarar nan Hajiya ta kira shi. Ya tarar an wanke manyan tukwanen an kife, wata 'yar Nijar mai suna Ramatou za ta ci gaba da tuwon. Akwati ɗaya ne a bakin ƙofa.

"Kano zan tafi. Bai ce in zo ba, ban kuma gaya masa ba. Ko ya buɗe mini ƙofa ko bai buɗe ba, zan zauna a zauren."

Ilu ya ce zai bi ta, zai je ya kwanta a gaban yaron, zai tara manya, zai yi duk abin da ta ce. Ta bar shi ya gama.

"Abu ɗaya nake so. Ka kai ni filin jirgi." Ta gyara mayafinta ta ɗauki jakarta. "Amma a mota ka yi shiru."